Bututun mai ya ratsa gonarmu kuma korama na cin ƙasar kanshi, mi ya kamata mu kiyaye?

"Assalamu alaikum Malam. Ni a Tahoua nike zaune amma gonar gadonmu tana ƙauye wajen Konni, kuma bututun man nan mai zuwa Benin ya ratsa ta gefen gabas. Lokacin aiki an biya tsohonmu diyya aka ce mu ci gaba da nomanmu. To bana bayan ruwan Agusta ƙanena ya kira ni ya ce korama ta fara cin wurin har layin ya lotsa. Ni kuma ina son in kawo tarakta, in yi tassa a fako, in gina rijiya saboda albasa. Wasu na cewa tiyon bai da zurfi ko garma na iya taɓa shi, wasu na cewa mita biyu ne ba komai. Wanne ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a gonar. In na fahimce ka abin da kake son sani shi ne zurfin tiyon nawa ne, da kuma wane aiki za ka iya yi a kanshi ba tare da ka jawo ma kanka da garinku bala'i ba. Na daɗe ina aikin shantiye na shimfiɗa tiyo, na ruwa da na mai, daga baya na koma aikin gyaran ƙasa da tare zaizaya, saboda haka wannan tambayar ta taɓa wuraren da na sani duka biyu. Amsar a taƙaice ita ce masu cewa mita biyu da masu cewa garma na taɓa shi duk hasashe suke, don zurfin da aka binne tiyo ranar da aka binne shi daban, zurfin da yake da shi yau daban, kuma a gonar da korama ta shiga na yau ɗin ne kawai ke da amfani.

Mi ke ƙarƙashin gonar taku

Wanga bututu ya taso daga Koulélé a yankin Agadem cikin jihar Diffa, ya bi ta Damagaram, Maraɗi, kudancin Tahoua da Dosso, ya ƙetara ta Gaya ya shiga Benin har bakin teku a Sèmè, tsawonshi ya kusa kilomita 2,000. An aza tubalin aikin a watan Satumba 2019, aka ƙaddamar da shi ranar 1 ga Nuwamba 2023, jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayu 2024. Kamfanin WAPCO ke kula da shi. Kafin shi akwai ƙaramin da ke kai mai matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, mai kilomita 462.

Faɗin tiyon inci 20 ne, wato kamar rabin mita, kuma an yi shi don ya ɗauki ganga 90,000 a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce, in ka buga lissafi za ka ga in yana aiki sosai kusan lita 10,000 ke wucewa ƙarƙashin gonarku a kowane minti ɗaya. Ko an tsaida famfo an rufe bawul, a cikin kowane kilomita ɗaya akwai wajen lita 190,000 kwance, kuma gidajen bawul ɗin ba kusa da juna suke ba, abin da ke tsakanin bawul biyu in ya samu ƙofa kuma gonarku na gangare to zai yi ta fitowa ne. Sannan ba gudu yake don kanshi ba, tura shi ake da ƙarfi. Tayar mota iskarta bar 2 ce ko da ɗan wani abu (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), irin waɗannan manyan bututun kuwa suna aiki da gomomin bar, kusa da tashar famfo ma ya fi tsanani. Shi ya sa in ya huje ba ɗiga yake ba, feshi yake.

Maganar zurfi

A aikin bututun mai abin da aka saba shi ne a bar ƙasa wajen mita ɗaya daga bayan tiyo zuwa sama, a ƙara zurfi inda za a ƙetare hanya ko gulbi. A Amurka misali doka ta ce kada ya gaza inci 30 a fili irin na gona, wato santimita 76, a unguwannin jama'a kuma inci 36. Amma ka lura, wannan awon na ranar gini ne. Ba wanda ya yi ma ka alkawarin ƙasa za ta zauna yadda aka bar ta.

Kuma ƙasarmu ta nan ba ta zama. Inda aka gina rami aka maida ƙasa, ko an daddanna ta ba ta kai taurin ta gefe wadda ba a taɓa ba, sai damina ta farko da ta biyu ta lotsa, ta zama kamar ɗan kwari mai tsawo, ruwa kuma da ya ga kwari ya samu hanya. Lotsawar da ƙanenka ya gani kenan. Lotsawa kaɗai ba tashin hankali ba ce, ana cike ta. Abin tsoro shi ne korama ta kama layin ta riƙa bin shi, ko ta yanke shi ta tsakiya. Duk wanda ya san koramun Adar da na Majiya ya san ruwan dare ɗaya na iya yanke gaɓa fiye da tsayin mutum. A jigawa kuma iska ce ke aikin, tana kwashe rairayi sannu sannu daga rani zuwa rani ba mai lura, musamman gonar da ake share karanta tas a bar ta tsirara.

Na taɓa tsayawa a gaɓar wata korama inda ta yanke layin wani tiyo, abin da ya fara bayyana ba ƙarfe ba ne, wata leda ce mai launi kamar ɗamara ta leƙo daga jikin gaɓa tana kaɗawa, yara har sun fara jan ta suna yanka. Ita ce ledar gargaɗi da ake shimfiɗawa sama da tiyo don mai gini ya gan ta ya tsaya. Ƙasar wurin ma ta sha bamban da ta gefe, jar ƙasa da fara da tsakuwa duk a cakuɗe saboda an taɓa juya ta. In ƙanenka ya ga irin wannan ledar, ko wata baƙar waya mai kauri, to abin da ya rage tsakaninshi da tiyo kaɗan ne, kada ya ja kada ya tona don ya gani. Wayar galibi ta sadarwa ce da ake binnewa gefen bututu, yanke ta ma babbar ɓarna ce.

Wani kuskure da nike yawan gani, mutane na ɗauka turakun alama da aka kafa a kan layi daidai kan tiyo suke, sai mutum ya ja igiya daga wanga turke zuwa wancan ya ce to nan ne, ya matsa taki uku ya fara gini. Turke yana gaya maka akwai bututu a nan kusa ne kawai. Bai faɗin zurfi, kuma tiyo na iya lanƙwasa tsakanin turke biyu.

Noma da hauya daban, gini daban

Noman da iyayenmu ke yi bai kai wurin tiyo in dai ƙasar na nan yadda take. Sungumi, hauya, garmar shanu, duk a saman ƙasa suke wasa, da wuya su wuce santimita 20. Shi ya sa aka ce ku ci gaba da hatsi da dawa da wake a kai, kuma haka ake yi a ko'ina. A Kanada inda suka rubuta abin dalla-dalla, noma da bai kai santimita 45 ba ba a lissafa shi cikin gini, amma duk wani tono da ya kai santimita 30 a cikin mita 30 dama da hagu na bututu sai da izinin kamfani. Ba dokarmu ba ce, na kawo ta ne don ka ga inda masu dogon sani da abin suka ja layi.

Tarakta ita ce ta fara shiga wurin shakka. Mai faifai da ke juya ƙasa santimita 20 zuwa 30 a kan layin da aka auna aka tabbatar da zurfinshi ba matsala. Amma akwai mai dogon haƙori da ake fasa fako da ita, wannan tana nitsewa rabin mita ko fiye, kuma direba bai jin komai sai ya ji ƙarfe ya kama. Ita kam kada ta hau layin sam. Kuma a gonarku da ruwa ya riga ya ci wurin, ni ko mai faifan ba zan bari ta hau ba sai an auna.

Tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake yi a fako, ramin ta bai wuce santimita 15 zuwa 25, ramin da ake kira rabin wata saboda siffarshi ma kusan haka, a lissafi ba su kai tiyo. Duk da haka ban ba ka shawarar yin su a kan layin ba, dalili biyu. Na farko da diga ake sara fako, kuma ɗan ƙwadago da ake biya da yawan rami ba ya awo. Na biyu aikinsu tara ruwa ne, kai kuma ba ka son ruwa ya riƙa kwanciya yana jiƙa ƙasar ramin da dama ba ta da tauri. Ka yi tassarka a sauran fakon, ta sama da layin ma ta fi amfani don tana rage gudun ruwan da ke zuwa ya ci wurin. Jerin duwatsu da ake ɗorawa a kan ƙasa ba tare da tono ba shi ma yana taimako, haka barin kara a gona.

Rijiya da foraj kuwa babu zance, waje da filin da aka keɓe ma bututu. Haka ramin kwaɓa laka na tubali, ɗibar yashi, ramin salanga, rumbu, ɗaki, kafa ƙarafan shinge na waya da ake bugawa da guduma. Itace ma haka, mangwaro, darbejiya, gawo, saiwarsu na bin ƙasa mai laushi ta naɗe tiyo ta ɓata rigar da ke jikinshi, kuma inuwarsu na rufe layi ga masu sintiri. Na san wannan na da zafi ga mutanenmu da suka saba raya ɗan itacen da ya tsiro a gona, amma a kan layin a cire shi tun yana ƙarami. Albasarka za ka iya yi, ka gina rijiyar nesa ka jawo ruwa da tiyon roba ta saman ƙasa, in dole sai an binne shi ya ƙetare layi to wannan ma gini ne, a gaban ma'aikatansu za a yi shi. Kada a tara kara a ƙone a kan layin ko kusa da gidan bawul.

Sai nauyi, wanda mutane ba sa kawowa a rai tunda ba tono ba ne. Amalanken jaki ko na shanu ba komai. Amma kamiyo da ya sha lodin albasa ya bi ta kan layi a ƙasa mai danshi, tayarshi ta nitse, nauyin nan yana isa har tiyo. In akwai inda aka gyara don ƙetarawa a bi nan, in babu a nemi su nuna wuri.

Faɗin filin da aka keɓe yana cikin takardar da aka yi da tsohonku lokacin diyya. Ka neme ta. In ta ɓace ka je meri wurin COFOCOM, hukumar filaye ta kwamin, ko ka fara da maigari da COFOB ta ƙauye, a ƙarƙashin dokar filayen karkara ta Code Rural aikinsu ne riƙe bayanan filaye. Ni daga nan ban ga gonarku ba, abin da takardar ta ce da abin da awo ya nuna su ne gaba da maganata.

Ƙarzuwa ta fi huji ban tsoro

Nan nike son ka tsaya da kyau. Tiyon ƙarfe ne, abin da ya hana shi tsatsa a cikin ƙasa abu biyu ne, rigar roba mai kauri da aka manna mishi tun daga masana'anta, da wata 'yar wutar lantarki maras ƙarfi da ake sakar mishi kullum. Waɗannan ƙananan turakun masu akwati da waya a ciki da kake gani a kan layi na awon wutar ne, yara su bar su. Kafin a sauke tiyo cikin rami muna bin jikinshi da wata na'ura mai zoben waya, duk inda rigar ta samu ƴar ƙofa ko da ido bai gani sai ta yi tartsatsi ta yi ƙara, a tsaya a liƙe wurin kafin a ci gaba. Ka ga irin wahalar da ake sha kan ƙofar da ba ta kai kan allura ba, to ina ga bakin diga ko haƙorin katafila.

Abin da ke faruwa shi ne direba ya taɓa tiyo, ya sauko ya duba ya ga ba mai, gabanshi na faɗuwa kada a kama shi, sai ya maida ƙasa ya yi shiru. Ƙarfen ya samu rauni, wurin ya lotsa ko ya ƙarzu, kullum famfo na ƙara matsi yana ragewa, tsagar na ƙaruwa a ɓoye, sai bayan wata ɗaya ko shekara ya fashe lokacin da mata ke roron wake a wurin. Wannan ya faru a Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam ranar 30 ga Yuli 2004, injin gini ya ƙarji bututun gas makonni kafin nan, da ya fashe mutum 24 suka mutu. Saboda haka ko ya ya aka taɓa shi, ko rigar kawai aka kankare, a bar ramin a buɗe a kira su. Gyaran ƙarzuwa aikin yini ne, kuma wanda ya kai rahoto da kanshi ba a kallon shi kamar wanda aka gano daga baya.

In aka ga alamar yoyo

Warin mai a gona, ƙasa ta yi baƙi ta yi danshi alhali ba a yi ruwa ba, shuka ta ƙone a wuri ɗaya ta gefe na kore shar, maiƙo mai launi-launi a kan ruwan tabki ko na rijiya, kumfa na tasowa, ko ƙara kamar tayar da ke sacewa. Kowanne aka gani a bar wurin da ƙafa, a nufi inda iska ke fitowa, a hau tudu kada a bi gangare don tururin mai ya fi iska nauyi kwari yake bi. Kada a tada babur ko injin ban ruwa, in tarakta ce a kashe ta a bar ta nan, ba taba ba wutar shayi, waya ma sai an yi nisa. A kore dabbobi. Daga can a kira lambar da ke jikin allon alama, a kira 18 na 'yan kwana-kwana, a sanar da jandarma da maigari.

Kuma don Allah kada a zo da jarka. Mu a ƙasar nan ba sai an ba mu labari ba, a watan Mayu 2019 kusa da filin jirgin Yamai motar mai ta faɗi mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi sama da mutum 55 suka mutu a daren, wasu suka cika a asibiti daga baya. A Jesse ta jihar Delta a Najeriya cikin Oktoba 1998 bututu ne, sama da mutum 1,000 suka mutu. Balle wanga ɗanyen mai ne, ko ka ɗiba babur bai sha, injin ban ruwa bai sha. Rijiyar da ta yi wari kuma a daina sha a daina ba dabbobi, a fadama ruwa kusa yake mai na saurin kai mishi.

Akwai kuma halin da ake ciki. Tun hare-haren da aka kai ma bututun a 2024 sojoji na tsaron shi ba wasa. Mutum da diga da fitila a kan layi da asuba, ko tassa yake yi, mai sintiri bai san zuciyarshi ba. Wannan kaɗai ya isa a riƙa sanarwa kafin a yi aiki kusa, kuma a yi shi da rana.

In ɓarna ta samu amfanin gona ko rijiya, a ɗauki hoto daga nesa, a sa maigari da ma'aikacin noma na kwamin su shaida, a rubuta a takarda da kwanan wata. Diyya da baki ba ta tafiya.

Game da koramar ku

Wannan ita ce ta gaggawa, ta fi tarakta da rijiya. Kada ku ce za ku gyara da kanku ta hanyar jibga manyan duwatsu cikin ramin, in tiyo na kusa dutse na iya fasa rigar, kuma in kun tare ruwa ba daidai ba sai ya zagaya ya ci gaba da ci ta gefe. Ƙanenka ya ɗauki hoto yanzu, ya lura da lambar da ke jikin turken da ya fi kusa don da ita za su gane wurin, ya kira lambar allo, kai kuma ka rubuta takarda ta bi ta meri ka riƙe kwafi mai hatimi. Kare bututu daga zaizaya aikin masu shi ne, su ke da gabiyo, wato ragar waya da ake cikawa da duwatsu don tare ruwa, da injiniyoyi, kuma sun fi son a gaya musu da rani kan a kira su tsakiyar damina tiyo na rataye a korama.

In sun zo ka roƙi su yi maka abu biyu a tafiya ɗaya. Suna da na'ura da ake haɗawa da wayar turken awo, mutum ya riƙa tafiya da ita a hannu tana nuna mishi daidai inda tiyo ya bi da kimanin zurfinshi, in ana son tabbaci a tona da shebur a hankali a gabansu. Su kafa maka ƴan turaku a kan layin da iyakar filin tun daga farkon gona har ƙarshe, su kuma nuna inda rijiya za ta iya zama. Ƙanenka ya tsaya a wurin ya rubuta zurfin da suka faɗa a kowane wuri da ranar, a ajiye tare da takardar gona, don ranar da za a ba da aro ko jingina ko a raba gado wanda ya karɓa ya san abin da ke ciki. Direban tarakta kuma kada a wadatu da gaya mishi a gari, a kai shi ya taka layin da ƙafarshi kafin ya tada inji. Wurin da korama ta taɓa, ko an gyara, a sake neman awo bayan damina mai zuwa.